Raƙumin Roba na Shisha

Ana idar da sallar asuba muka bar Madina a jirgin ƙasa, ni da abokiyar tafiyata. Kai, jirgin nan gudu gare shi! Ban gama shan shayina ba duwatsu suka fara wucewa. Bayan mun kammala umara muka tari tasi zuwa unguwar Shisha, gidan yayana da ya daɗe a Makka. Direban ya tsawwala kuɗi, na yi masa ciniki irin na kasuwar Kwari har sai da ya yi dariya.

Mun ci shinkafa da naman rago, sannan 'yar yayana ta ja ni ɗakinta. Budurwa ce haihuwar can, Hausarta rabi Larabci. Ga kabad guda na gilashi cike da 'yan tsanan roba, wasu ko kwalinsu ba a buɗe ba. Na ce, "Ke da girmanki?" Ta ce, "La, Goggo, ba na wasa ba ne." Ashe masu zane ne ke ƙera su 'yan kaɗan, su sa hannu a ƙasan ƙafa, har baje kolinsu ake yi a Jidda kamar zanen bango.

Wani raƙumi shuɗi mai tabarau ya tafi da ni. Na yi ta yabonsa. Yayana na bakin ƙofa, sai ya ce, "Halas, shi ke nan, ɗauki, naki ne." Haka muke, baƙo ya yaba abu sai a ba shi. Yarinyar ta miƙo min da hannu biyu tana murmushi, amma idonta ya kawo ruwa. Uwarta ce ta raɗa min cewa shekara biyu yarinyar ta yi tana nemansa, kuma ba a ƙara yin irinsa.

Wallahi raina ya ɓaci. In mayar, na kunyata yayana. In tafi da shi, jikokina su karya masa wuya kafin la'asar.

Ranar komawa na naɗe shi a sabon mayafi, na kira ta gaban ubanta. "Ga tsarabarki daga goggonki. Kyautar babba ba a mayarwa." Ta buɗe, ta ƙanƙame ni tana "Ya Goggo!" Yayana ya sosa ƙeya kawai.

Mun sauka Kano lafiya da dabino da zamzam. Abin da na koyo: in abu ya burge ni a gidan mutane, zan fara duba fuskar mai shi kafin in buɗe baki.