Mangwaron da Hamma Ya Dasa

A shekarar da zafi ya nemi ya gasa mu da ranmu na sa sola a gidanmu na Federal Low-Cost. Gidan na marigayi babanmu ne, ina zaune a ciki da matata da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Janareta ya ishe ni. Ƙararsa ta hana mutum jin kiran salla, hayaƙinsa ya sa Inna tari. Ga shi ni malamin makaranta ne, kullum ina gaban ɗalibai ina wa'azin ɗumamar yanayi, in dawo gida in ja igiya in turnuƙe unguwa. Kunya ma ta isa ta sa mutum ya sake hali.

Da farko abin gwanin daɗi. Amma da bazara ta kankama, sai batir ya riƙa mutuwa tun ba a daɗe da isha'i ba, fanka ta tsaya, mu kwana muna fifita. Na kira wanda ya haɗa mana, wani mutumin unguwar Herwagana mai fara'a. Ya hau tsani, ya leƙa, ya sauko yana kaɗe hannu.

"Oga, kayanka lafiya lau," in ji shi. "Wannan mangwaro ne ke cinye maka rana. A sare shi kawai, magana ta ƙare."

Mangwaron yana yamma da ɗakin Inna, ya karkato kan rufi. Yayana ne ya dasa shi yana ɗan firamare. Hamma muke ce masa, shi ne ɗan farin Inna, ya rasu a haɗarin mota fiye da shekara ashirin da suka wuce. Inna Bafulatana ce ta gidi. Yana raye ba ta taɓa kama sunansa ba, ko ta kalle shi a gaban mutane, kuma ranar da aka kawo gawarsa ban ga hawayenta ba. Na girma ina ganin haka, har na ɗauka abin da ba a faɗa babu shi.

A lokacin na kamu da manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya a waya. Komai sai na tambaye ta, har matata ta sa mata suna bokana. Na rubuta mata cewa bishiya na yi wa farantan sola inuwa, batir ba ya cika, shin sarewa za ta magance? Layin farko ya ce inuwa ko kaɗan ce tana rage wutar da faranti ke bayarwa sosai. Abin nema ya samu. Akwai sauran rubutu a ƙasa, amma na kife wayar, don na riga na ji abin da nake son ji.

Na sami Inna a kan tabarmarta a gindin bishiyar tana dama fura.

"Inna, za a sare mangwaron nan ranar Asabar. Shi ke hana mu wuta."

Ludayin ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba da juyawa. "To," ta ce. "Gidanka ne."

Na ɗauki wannan a matsayin izini, na je na yi magana da mai injin yankan itace.

Ranar Laraba na zaga bayan kicin neman guga, sai na ga tsohon faifai da ƙwallayen mangwaro guda bakwai a kai, an wanke su tas an jera a rana. Na tambayi matata wa ke wannan aikin banza.

"Inna ce," ta ce, ba ta ko ɗago kai daga wanke-wanke ba. "Tun ranar da ka yi maganar take tsince su. Jiya ta tambaye ni ko ƙanwarka ta unguwar Barunde tana da fili a tsakar gida."

"To me ya hana ta ce kar a sare?"

Sai a lokacin ta dube ni. "Malam, shekara nawa kana ɗanta? Wadda ba ta iya faɗin sunansa ba, ita ce za ta roƙe ka bishiyarsa?"

Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi faɗa. Na yi fushi da Inna da ba ta magana, na yi fushi da matata da ta bar ni kwana uku ina shirme. Daga ƙarshe fushin ya dawo inda ya dace. Na ɗauko waya na karanta sauran amsar da na tsallake. Ashe ta ce kafin a sare a duba ƙarfe nawa inuwar ke sauka, da faranti nawa take rufewa. Ta ce babbar bishiya na sanyaya gida, sare ta na iya ƙara buƙatar fanka. Ta tambayi abubuwan da ke jan wuta daga batir, ta kuma ce ita ba ta ganin gidan, sai abin da na gaya mata. Ni da nake dukan tebur in ɗalibi ya amsa tambaya bai karanta ta har ƙarshe ba, kunya ta rufe ni.

An yi sa'a ana hutun makaranta. Alhamis da Juma'a na wuni a kan tsani, da tumbina da komai, kowace awa in hau in ɗauki hoton rufi. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, wata ake dubawa da rana tsaka?" Ban kula shi ba. Abin da na gani shi ne, inuwar ba ta isa farantan sai bayan azahar, kuma biyu kawai take rufewa cikin shida. Na dafa bangon ɗakin Inna da la'asar na ji shi da sanyi, na dafa namu ya kusa ƙona ni.

Wajen lissafa kayan wuta ne asirinmu ya tonu. Akwai tsohuwar firiza da robar ƙofarta ta saki, akwai dutsen guga da ake jonawa bayan magariba, akwai kuma hitar da nake dafa shayi da ita, wadda da farko na so in ɓoye, kamar manhajar za ta kai ƙarata. Da na tura mata komai, shawararta ita ce a mayar da guga da dafa ruwa tsakar rana, a gyara robar, a kuma ɗauke farantan nan biyu zuwa rufin kicin, amma a tambayi mai aikin ko rufin zai ɗauka. Wannan karon ban hau dokin zuciya ba. Na kira mutumin Herwagana, ya zo da yammacin Juma'a ya bubbuga katakon rufin.

"Zai ɗauka, Oga. Sai dai aiki ne. Sarewa ta fi sauƙi."

"Ta fi sauƙi gare ka," na ce. Ya yi dariya, muka tsayar da Litinin.

Murna ta sa na manta abu biyu. Ban gaya wa mai yanka an fasa ba, ban kuma gaya wa Inna ba. Da safiyar Asabar ina karin kumallo na ji inji ya tashi a ƙofar gida, mutumin yana gwada shi. Na fita a guje da singileti ina ɗaga hannu ina cewa ya kashe. Da na dawo ciki, gindin mangwaron wayam. An naɗe tabarma, an share wurin, ƙofar Inna a rufe.

Na tsaya a bakin ƙofar. "Inna, an fasa. Ba za a taɓa shi ba. Farantan za a matsar."

Na ja da baya ina jira. Can ƙofar ta buɗe, ta fito da tabarma a hammata, idonta ja. Ba ta dube ni ba. Ta shimfiɗa, ta zauna, ta ce a ba mutumin nan fura kafin ya tafi, kar ya yi zuwan banza. Ni kuwa na zauna a ƙasa kusa da ita ina sauke ajiyar zuciya.

Bayan an matsar da farantan, fanka ta riƙa kai mu asuba, janareta kuma yana sito har yau ƙura ta rufe shi. Ƙwallayen an kai Barunde, uku sun tsiro. Amma abin da ya fi zama a raina shi ne abin da ya faru a safiyar nan, bayan mai yanka ya sha furarsa ya tafi. Inna ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon reshen da ya karkato kan rufi.

"Da hannun hagu ya dasa shi," ta ce. "Na ce masa zai karkace. Bai ji ba."

Shekara ashirin da 'yan kai, wannan ne karo na farko da na ji ta yi maganarsa.