Laftof ɗin Mma da Aikin Yaya Sherifa

Yayata Sherifa ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ta koyi ɗinki ta bari, ta sayar da katin waya a kasuwar Adum ta bari, sai da ta koyi rubuta manhaja sannan ƙafarta ta tsaya. Bara wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ta gwajin wata uku, tana aiki daga barandarmu a Moshi Zango. Duk abin da ta rubuta, turawa take wani rumbu na intanet mai ajiye kowane gyara da sunan mai shi.

A wata na uku aka ce kowa ya sauya kalmar sirri. Ta sauya. Washegari asusunta na rumbun a kulle. Ogansu ya buɗe, da gari ya waye asusun ya sake kullewa.

"Sherifa, in ya ƙara faruwa bayan Litinin, sai mu nemi wani," in ji shi.

Ta daina cin abinci. Ta zagaya tsakar gida, ta zauna, ta miƙe, ta sake sauya kalmar.

"Wani ne ke bi na, wallahi!"

"Wa zai bi ki?" in ji mahaifiyarmu, Mma Hajaratu. "Ko tsinke ba ki da shi. Zauna ki sha koko."

Ranar Juma'a asusun bai kulle ba. Na tambaye ta me ya bambanta ranar. Sai ta dubi ɗakin Mma. Duk Juma'a da sassafe Mma ke tafiya unguwar Manhyia gaida ƙanwarta. Sauran ranaku kuwa, bayan asuba take kunna tsohon laftof ɗin da Sherifa ta ba ta, ta saurari tafsiri. Ashe tsohuwar kalmar na ajiye a ciki. Da an kunna, sai wata manhaja da ke ciki ta yi ta ƙwanƙwasa rumbun da ita har a kulle asusun.

Da Mma ta dawo, Sherifa ta karɓi laftof ɗin, ta goge kalmar, ta cire asusunta ɗungurungum.

"Ke, kar ki goge mini malamina!"

"Yana nan, Mma. Ni ce na fita daga ciki."

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Ran Litinin Mma ta kunna tafsirinta, Sherifa na tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu. Ƙarfe takwas ta tura aikinta, ya shiga. Sannan ta zauna ta ce a miƙo mata kokon.