Sunan da Inna Ba Ta Iya Faɗa

Har in mutu ba zan manta da ranar da baƙuwar mota ta tsaya a ƙofar gidan Kawu ba.

Yaƙi ne ya koro mu daga gabas, Kawu ya ba mu ɗaki a ƙauyensu kusa da Minjibir. Kafin mu gudo, wasu masu bindiga sun kwashe samarin unguwarmu a mota, har da yayana. Ba mu taɓa gaya wa kowa ba, duk wanda ya tambaya sai mu ce ya tafi ci-rani.

Muna ɓarar gyaɗa motar ta tsaya, wata mata ta fito ta yi sallama. Ta ce lauya ce daga wata ƙungiya mai zaman kanta, suna tattara shaidar iyalan waɗanda aka kwashe don a kai masu laifin kotu. Kawu ya ce mu rufa wa kanmu asiri, masu bindiga ba sa mantuwa. Amma Inna ta ture faifan gyaɗar, ta zayyana komai, matar tana ɗauka a waya.

Sai matar ta tambayi sunan yayana. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaron nan dai."

Lauyar ta sake tambaya, Inna ta maimaita hakan. Matar ba Bahaushiya ba ce, Hausar koyo take yi, ta ɗauka tsoro ne ya kama Inna. Ta ce ba za ta tilasta mata ba, amma ba suna ba yadda za a neme shi. Ta kai hannu za ta kashe wayar.

Ni na san ba tsoro ba ne. Ɗan fari ne, tun da aka haife shi Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Mai tsoron ni ce, don in na yi magana muryata ta shiga wayar ke nan.

"Anti, dakata," na ce. Na faɗi sunansa da na mahaifinmu.

Na daɗe ina firgita in na ji ƙarar mota. Bayan damina lauyar ta kira mu: an same shi a tsare, da ransa, kotu ta ce a sake shi. Shari'ar waɗanda suka kwashe su tana nan ba a gama ba.

Abin da na koya shi ne, shirun da muke gani kariya ce, mai zalunci yake karewa, ba mu ba.