Yashin Malama Rifkatu

Wata Laraba ce a ƙarshen daminar shekarar da aka sa ni aji ɗaya. Maza duk sun tafi cin kasuwar Makarfi, ƙauyenmu na wajen Dandamisa ya rage daga mata sai yara sai awaki. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Muna filin makaranta a gindin dalbejiya, masu takalmi sun tuɓe, mun jeru a bayan Malama Rifkatu muna tafiyar agwagwa a kan wani yashi da ta shimfiɗa mana. Gwiwa a lanƙwashe, hannu a ƙugu, muna rangaji muna kukan agwagwa, wanda ya kifa a kwashe masa da dariya. Da muka gama sai Malama ta ɗauko tsintsiya ta tattara yashin nan da sawayenmu raɗau a kansa, ta kwashe shi tas a wani babban faranti, ta shige aji da shi. Ina ɗaga kai sai na hango kakata, Iya Hauwa, wadda na ci sunanta, tsaye a bakin shinge da ɗaurin rama a ka. Ba ni take kallo ba, farantin take bi da ido.

Malama Rifkatu baƙuwa ce a garinmu. Daga kudancin Kaduna aka turo ta, Kirista ce, Hausarta kuma da ɗan gargada. Abin da ya fi jawo mata ido shi ne ba ta riƙe bulala. Mu kuwa mun tashi mun ga karatu da dorina tare suke tafiya, don haka ko mu yara ba mu yarda da ita ba da fari. Tana da wani littafi mai manyan hotuna, bangonsa ya sha ɗinki da zare. Labarin agwagwa ne da 'ya'yanta za su rafi, sawun ƙafarsu na bin shafi zuwa shafi, a hanya su gamu da kwaɗo da kaza da kunkuru. In ta karanta shafi guda sai ta rufe littafin ta ce mu tashi. A shafin kwaɗo mu yi ta tsallen kwaɗo. A shafin kaza ta watsa ƙwayar masara a tabarma mu tsince da yatsu biyu, kamar yadda kaza ke yi da baki. Wata rana mu zura zare a hudajjun murafan kwalba, wata rana mu murza yumɓu mu gina kunkuru. Daga ƙarshe ta rarraba yashin nan a ƙananan faya-fayai, kowa ya ja harafi da ɗan yatsa, in ya karkace ya girgiza ya sake.

Ni dai wannan ya yi mini, domin hannuna a sandare yake. Na iya surfe gwargwadon ƙarfina, na iya ɗebo ruwa da korar tsuntsaye a gonar gero, amma fensir in na damƙe shi kamar taɓarya nake riƙewa, sai ya huda takarda ko ya karye. A yashi kuwa babu abin da ke karyewa, babu kuma wanda ke dukana.

Da na koma gida ranar nan, ko tuwon rana Iya ba ta bari na ci ba. Ta ja ni bayan rumbu, ta zaunar da ni a kan turmi, ta ɗaga tafin ƙafata tana dubawa sai ka ce mai neman ƙaya. Ta tambaye ni tun yaushe matar nan take kwasar ƙasar da muka taka. Na ce kullum. Ta tambayi inda take kai ta, na ce cikin kabad take kullewa. Iya ta saki ƙafata ta yi salati, ta ce, "Da walakin, goro a miya." A wurinmu kowa ya san abin da ake nufi da ɗibar sawu. In mugu na son ya yi wa mutum sammu, ƙasar da ya taka yake ɗiba ya kai wa boka, daga nan sai ciwon ƙafa, ko mutum ya shiga duniya a neme shi a rasa. Shi ya sa Iya ba ta barin gashin da aka taje mana ko farcen da aka yanke ya kwana a tsakar gida, sai ta binne. To ga wata baƙuwa tana kwasar sawun yara aji guda da tsintsiya, da rana tsaka, har da kullewa.

Kafin la'asar magana ta zaga bakin rijiya. Wata ta ce dama ta ga ɗanta yana ɗingishi. Wata ta ce ai kunkurun yumɓun ma jera su take yi a taga, wa ya san abin da take karanta musu. Wata ta ce ita tun ranar da aka ce 'yarta ta yini tana tsintar masara ta san ba karatu ake yi ba, in tsinta ce ai akwai kaji a gida. Ni kaina tsoro ya shige ni. Na riƙa jin ƙafata tana yi mini zugi, na tuna yadda Malama take murmushi in tana shara, murmushin da jiya ya yi mini daɗi yau ya koma mini abin tuhuma. Iya ta karɓo rubutu wajen liman, na sha, aka shafe mini ƙafafu da sauran.

Da Baba ya dawo daga kasuwa, Iya ta tare shi tun bai jingine keke ba. Ta ce na gama boko. Baba mutum ne mai son mu yi karatu, amma bai taɓa musa wa mahaifiyarsa ba, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Iya." Nan na fashe da kuka. Ina tsoron Malama, gaskiya ne, amma mun tsaya a shafin da ƙaramin ɗan agwagwa ya ɓace a cikin ciyawa, kuma na kusa iya harafin farko na sunana. Na yi ta birgima har Iya ta gaji, ta ce gobe za ta je da kanta ta karɓo sawuna, in ya so na zauna a gida da ƙafata cikakkiya.

Washegari ta yafa mayafinta na zuwa biki, ta riƙe hannuna gam. Malama ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, aka yi ta gaisuwa, gida da gona da ruwa, Iya na amsawa a daƙile, idonta na kan kabad. Da Iya ta faɗi abin da ya kawo ta, na ga idon Malama ya cicciko. Sai ta fito da farantin ta ajiye a gaban Iya. Ta ce yashin rafi ne, ita ta ɗebo ta wanke ta tankaɗe saboda ƙaya da fasasshiyar kwalba, in ta bar shi a waje awaki za su ɓata. Ta ce in matso, na ja harafina a gaban Iya. Iya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ban ce kin yi komai ba, 'yar nan. Amma ƙasar da jikata ta taka ba ta kwana a hannun bare."

Malama ta ce, "To Mama, ki ba ta nata daga gida mana. Ta zo da shi, ta koma da shi."

Haka na tsira da makarantata. Iya ta tankaɗe mini yashi a wata tsohuwar ƙwarya, kullum in ɗauka a ka in tafi, a shimfiɗa mini nawa a gefe in yi tafiyar agwagwa ni kaɗai, in an tashi in tattare kayana. Yara suka yi ta yi mini dariya, amma ba a daɗe ba sauran kakanni suka bi sahu, hanya ta cika da 'yan aji ɗaya da ƙoren yashi. Malama ba ta yi fushi ba. Ta ma ja layi a fili ta ce mu bi ta kansa da ƙorenmu a ka, wanda bai zubar ba a tafa masa. Iya kuwa har Malama ta bar garin ba ta saki jiki da ita ba. Takan aika mata da kuka da daddawa, amma duk yamma sai ta duba ƙwaryata ta ga ko yashin ya ragu. Ranar da na rubuta Hauwa cikakke na ce ga sunanmu, ta tsura masa ido, ta shafa kaina, sannan ta ce maza in girgiza kar wani ya gani.

Yanzu a Zariya nake, ni ma da tawa 'yar a makarantar reno. Yashinsu a roba yake, littattafan hotuna har sun yi musu yawa, ba wanda ke tsayawa a bakin shinge ya ga abin da ake yi da su. Nakan yi kewar wannan sa-idon, duk da kusan raba ni da karatu da ya yi, domin na san daga ina ya fito. Kwanan baya yarinyar ta dawo da takarda, an shafa wa tafin ƙafarta fenti an buga a kai, malamarsu ta ce a manna a bango. Na yaba, na yi mata tafi. Da ta fita wasa sai na ninke takardar na tura can ƙarƙashin akwati, inda ba mai gani. Iya ta daɗe da rasuwa, amma har yau ita ke tsaron sawunmu.