Ta'aziyyar da Aka Kai wa Inna Tana Tsaye Tana Daka

Ba za ni faɗa muku sunana ba, yarana, don ba sunan alheri ba ne. Ni dai Bagobiri ne, daga wani ƙauye wajen Kurawa, kuma kafin in lalace manomi ne ni, mai jaki ɗaya da gona biyu. Mahaifina ya rasu tun ban yi wayo ba. Inna ce ta rene ni da sana'ar fura, ni kaɗai ne gare ta.

Wata shekara da rani, zamanin Nasara, gobara ta tashi a garinmu da tsakar rana. Rumbuna sunka ƙone ƙurmus, amma Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ko ɗaya ba. A lokacin an kafa doka saboda macuta sun yi yawa: ba mai bin gida-gida neman taimako sai da takarda mai hatimin hakimi. Wa'adinta wata biyu. In ka shiga gari sai ka nuna wa mai gari kafin ka yi sallama a ƙofar kowa, in wa'adi ya cika ka mai da ta. Dattawa sunka zaɓe ni, don ina da baki, ina kuma da ƙafa.

Karon farko, wallahi ko zangarniya ban taɓa ba. Na kawo gero da dawa da tufafi anka raba, ana ta sa mini albarka. Amma a hanya na lura da abu guda. Malamin En'e, wato magatakardan ofishin hakimi, da boko ya rubuta wa'adin, masu gari kuwa ba mai karanta boko. Hatimi kawai suke dubawa. Wani ma a juye ya riƙe takardar, ya ce, "Madalla, shiga." Da lokacin mayarwa ya yi, sai na ce ta faɗa gulbi wurin ƙetare. Anka yarda da ni.

Na ce wa raina sau ɗaya za ni ƙara, in ɗan sayi riga. Sau ɗayan nan ya kai ni shekara biyu. Na bar gonakina sunka zama saura, na ce wa Inna fatauci nake yi. Abin da na tara a ƙauyuka sai in kai kasuwa mai nisa in sayar. Ban kwana biyu a gari ɗaya ba, ban kuma yi aboki ba, don aboki tambaya gare shi. Daga ni sai jakina. Ina cin tuwo a zauren mutane, ina ɓoye musu fuska.

Da na ga hannun mutane ya fara sanyi, sai na ƙara wa zancen gishiri. Na riƙa cewa watan jiya anka yi gobarar, an kuma rasa rayuka. Daga nan na kai ga abin da ya fi kowane muni: na ce mahaifiyata ta ƙone a ɗaki. Ba za ni ɗora wa Shaiɗan ba, ni na faɗa da bakina, har da hawaye. Duk gidan da na faɗi haka, kaya sai su yi ta fitowa daga ciki.

Kun dai san baƙo namiji ba ya wuce zaure. Yana magana, matan gida na ji ta bayan danga, shi ba ya ganin su. Rannan da hantsi a Tozai na yi sallama a wani gida, na zuba wa maigidan labarina, na ambaci garinmu har da sunan Inna. Sai kuka ya ɓarke a ciki. Na ɗauka tausayi ne, har na ji daɗi, kaicona! Ashe matar gidan ɗiyar garinmu ce, an kawo ta aure nan tun ina ƙarami, kuma Inna ce ta goye ta. Ta aiko mini da sabon zanenta, ta ce sadaka ce ga mamaciya. Na karɓa, na yi godiya, na kora jakina.

Bayan kwana uku ita da mijinta sunka yi tattaki zuwa garinmu don ta'aziyya. Ta shiga gidanmu tana kuka, ta iske Inna tsaye tana daka.

'Yan doka sunka kama ni a kasuwar Isa. Gaban alƙali malamin En'e ya karanta wa'adin takardar, jama'a na ta salati. Anka kawo Inna shaida. Ko kallona ba ta yi ba. Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, wanga ɗanki na?" Ta ce, "Allah shi gafarta malam, ai ya ce na mutu. Mamaci ba shi shaida." Ta ja mayafinta ta fita.

Shekara uku na yi a gidan yari a Sakkwato. Aikin bai dame ni ba kamar ranar ziyara. Ana kawo wa kowa fura da ƙuli-ƙuli, ni ko sunana ba a taɓa kira ba. Har ɓarayin shanu ba su zama kusa da ni. Wani ya ce mini, "Mu shanu munka saida, kai uwarka ka saida." A can na kama salla da gaske. Kullum ina shirya kalmomin da za ni faɗa wa Inna in na durƙusa gabanta.

Da anka sake ni, da ƙafa na taho gida. Na iske jinkar ɗakinta ta faɗa ciki. Ƙanwarta ta fito ta ce mini ta rasu daminar da ta wuce. Na ce, "Inna ƙarama, ta bar mini magana?" Ta ce, "Mun roƙe ta ta yahe maka. Ba ta yi maka baki ba, ba ta kau ce ta yahe ba. Shiru tay yi."

Yanzu na tsufa, ina tufkar igiya a gefen kasuwar Sabon Birni, ni kaɗai. Na tuba, ina roƙon Allah gafara dare da rana. Ku kuwa, in an danƙa muku amana, ku mai da ita ranar da anka ce, kada ku ce sau ɗaya za ku ƙara. Kada ku ci da tausayin mutane. Wanda ya saɓa wa mahaifiyarsa tana raye, ya tashi ya je yau, kada ya jira gobe. Hukuncin alƙali shekara uku ne, na gama shi tuni. Shirun Inna ne har yau ban gama ba.