Kaset ɗin da ya dawo daga Ikko

Rediyo goma sha tara gare ni a ɗakin da ke jikin zaure, dukansu masu cin kaset, irin masu mariƙi ɗin nan da ake ɗauka kamar jaka. Goma sha ɗaya suna magana. Sauran kuwa a jikinsu nake cirar kaya ina gyara 'yan'uwansu. Mutanen Matamaye sun daɗe da yanke mini hukunci, wai tun da Mushe, haka suke kirana, ya bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kansa ya ɗan taɓu. Mai ɗakina ma ba ta raga mini. In ta gan ni na shigo da wata a hammata sai ta ce, "Sannu da ƙoƙari, an kuma samo wata gawar?" Ni dai sai in wuce in nemi tsumma.

Ta farko a Dawce na same ta, a bayan rumbun wani tsoho, kaza ta mai da ita wurin kwana. Akwai wadda na samo a Yauri, wani Alhaji ya zo da ita daga Makka tun ina saurayi, har yau tana cikin rigar karan-miski da tela ya ɗinka mata. Akwai mai ƙofa biyu, akwai mai baki ɗaya da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Wani dattijo mai gyara a bakin tasha shi ya koya mini aikin: yadda ake sauya robar da ke juya kaset, yadda ake goge kan da ke karanta zare da auduga da alkol irin na goge rauni, yadda ake naɗe zare da biro in ya warware. Ina son nauyinsu a hannu, ina son ƙarar nan ta maɓalli in an danna. Kuma wallahi raina yana ɓaci in na ga masu sayen gwangwan sun sa guduma sun fasa lafiyayyar rakoda don 'yar wayar da ke cikinta. Na taɓa yin cacar baki da ɗaya daga cikinsu a tsakiyar kasuwa har sai da aka raba mu, da furfurata da komai.

Duk wanda ya tambaye ni dalili, ce masa nake yi sha'awa ce. Ba ƙarya na yi ba, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Akwai wani kaset guda a ƙasan akwatina, shekara talatin da wani abu ban sa shi a rediyo ba. Saboda shi na fara tarin nan.

Yaran yanzu da ke danna waya su ga fuskar wanda ke Ikko ba za su gane ba. A zamaninmu, da an gama kaka an kai hatsi rumbu, mazan gari sai su tsallaka iyaka cin rani, ba a ganinsu sai damina ta kawo kai. Yawancinsu ba su yi lakwal ba, matansu da iyayensu ma haka. Saboda haka kaset shi ne wasiƙa. Mutum ya zauna gaban rakoda ya gaida kowa, ya faɗi abin da zai faɗa, ya ba wani mai zuwa gida. Mu kuma mu taru a tsakar gida mu saurara, sau biyu, sau uku, maƙwabta su shigo su ji. In an ƙoshi, sai a mai da zaren farko a danna jan maɓalli, a ɗora amsa a kan maganarsa. Shi ma in ya ji tamu, ya ɗora tasa a kai. Kaset ɗaya ne yake kai da kawowa har ya tsufa. Ba wanda ya taɓa tunanin ajiye muryar wani. Don me? Ai mai muryar yana nan tafe da ruwan farko.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, Yaya da ni. Shi ne ɗan fari, ni ne auta, kuma Auta yake kirana. Bayan rasuwar Baba shi ya riƙe gidan da teburin shayinsa a Ikko, da shi aka yi mini karatu. Inna kuwa irin matan da ne. Kunyar ɗan fari take yi sosai. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta zama inda yake, ba ta amsa gaisuwarsa sai da kai. In za a ɗauki kaset, ba ta yi masa magana kai tsaye. Sai ta juya gefe ta ce, "A gaya wa mutanen can mun gode, a ce su riƙa cin abinci." Iyakarta ke nan, sai addu'a mai tsawo wadda ba ta ambaci kowa ba.

To, wata shekara damina ta faɗi, abokan tafiyarsa suka dawo, Yaya bai dawo ba. Ni kaɗai na yi shuka, na yi noman farko da maimai, ga shi lokacin na fara koyarwa. Na daure. Da bazara ta sake zagayowa sai ga kaset, yana cewa bana ma da wuya ya samu zuwa, a yi haƙuri. Ina da shekara ashirin da uku, jini na tafasa. Aka taru aka ɗauki amsa, Inna ta yi nata kamar kullum, sauran mutanen gida suka yi gaisuwa. Da aka watse sai na ɗauki rakodar na shiga zaure ni kaɗai, na ci gaba daga inda aka tsaya.

Abin da na faɗa ban manta ko kalma ɗaya ba. Na ce masa in Ikko ta fiye masa uwarsa, ya zauna can. Na ce ni ba bawansa ba ne. Na ce daga yau ba ni da wa, kuma ko Inna ce ta rasu kada ya wahalar da kansa, za mu binne ta ba tare da shi ba. Na cire kaset ɗin da zafinsa na kai wa wani mutumin Dungu da zai tashi washegari. Magana zarar bunu ce. Kafin in iso gida na fara jin ɗacin abin, amma girman kai ya hana ni komawa in karɓo.

Ba a yi wata biyu ba mutumin Dungun nan ya yi sallama a ƙofar gidanmu da jaka a hannu. Tun daga yadda ya tsuguna na gane. Ya ce Yaya ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji, yana ɓoyewa, an yi masa sutura a can. A cikin jakar akwai riguna biyu, da carbi, da kofin shayi, da kaset ɗin. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," ta shiga ɗaki.

Na ɗauke kaset ɗin na ɓoye. Dalilin da na ba kaina shi ne rakodarmu ta fara tauna zare, kada ta cinye shi. Haka ne, ta fara. Amma ainihin abin shi ne ban san me ke ciki ba. In Yaya ya samu damar ɗora amsa, to muryarsa ce a ciki, ita kaɗai ta rage a duniya. In kuwa bai samu ba, to muryata ce, da kalmomin da na sallame shi da su. Na kasa saurara ni kaɗai, na kuma kasa bari wani ya ji. Shekaru suka yi ta tafiya. Da na bar aiki sai na ce bari in nemi rakodar da na amince da ita, wadda ba za ta taɓa zare ba. Na samu ɗaya, na ce a'a, saurinta ya ɗan yi yawa. Na samu ta biyu, na ce muryarta ba ta fita. Haka na yi ta yi wa kaina wayo har suka kai goma sha tara.

Inna ba ta taɓa tambaya ba. Ta yaya za ta tambaya, ita da ba ta faɗin sunansa? Sai bara, bayan idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi, kullum tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Wata safiya na je gaishe ta, na tashi zan tafi sai ta ce, "Auta."

"Na'am, Inna."

"Wannan tarkacen da ake cewa ka tara, duk babu mai magana a ciki?"

Na ce akwai, in tana son jin labarai ko wa'azi in kawo mata.

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "A cikin kayan da aka kawo daga can, na ga kamar akwai wani abu. Ni kwanana sun ƙare. Ina so in ji."

Tsohuwar nan ta riƙe maganar nan shekara talatin ba ta furta ba, yau ta furta. Ba ni da sauran wurin ɓuya. Ko dai ta ji ɗanta, ko ta ji yadda autanta ya yi masa. Na so in saurara tukuna a ɓoye, amma tsohon zare ne, mai gyara ya sha gaya mini irinsa wani lokaci sau ɗaya yake yarda ya juya. In na ci wannan sau ɗayan ni kaɗai, me zan ce mata?

Kwana biyu na yi ina shiri. Na zaɓi ta Yauri, mai rigar karan-miski. Na sa mata sabuwar roba, na goge kanta, na gwada ta da kaset biyar ba ta taɓa ko ɗaya ba. Na sayo sababbin batir don kada wuta ta ɗauke a tsakiya. Na ɓalle 'yan kunnuwan kaset ɗin yadda ko hannu ya kuskure ya danna ja ba abin da zai goge. Na naɗe zaren da biro a hankali, daga farko har ƙarshe, na dawo da shi. Da hantsi na shimfiɗa buzu kusa da Inna. Mai ɗakina ta leƙo za ta yi tsiyarta, da ta ga fuskata sai ta koma madafa.

Na danna. Aka yi ta shuuu, sannan murya ta fito, mace, mai ƙarfi: "A gaya wa mutanen can mun gode." Inna ce, Inna ta wancan lokaci. Ke nan bai ɗora komai ba, amsarmu ce ta dawo yadda ta tafi. Inna ta sunkuyar da kai, ta gane ita ma. Addu'arta ta wuce, gaisuwar mutanen gida ta wuce, rabinsu yanzu suna ƙasa. Na san abin da ke biye. Na kai yatsa kan maɓallin tsayarwa, ina jira in ji ƙarar da ta raba maganarsu da tawa.

Ƙarar ta zo. Sai tari. Sai hayaniyar motoci daga nesa. Sai aka ce, "Salamu alaikum."

Ban san lokacin da na janye hannuna ba.

"Ina gaida Inna. Inna, ina kwana? Ina gajiya?"

Matar da ban taɓa jin ta amsa masa da baki ba ta ɗago kai wajen rediyon ta ce, "Lafiya lau. Lafiya lau, ɗana." Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba.

Muryarsa ta shaƙe, yana yi yana hutawa. Ya ce a yi masa haƙuri, wannan karon bai goge daga farko ba, don ya kasa ɗora magana a kan muryar Inna, kullum sai ya saurare ta kafin ya fita. Wurin Auta kaɗai ya taɓa. Ya ce jiki ne ya ɗan matsa masa, bai so ya zo ya kwanta wa mutane a tsakiyar aikin gona ba, amma da sauƙi. Ya tambayi gero, ya tambayi rijiya ko an yashe ta. Bai maimaita ko ɗaya daga cikin abin da na faɗa ba. Ya bi ta kansu da muryarsa ya rufe, yadda ba wanda zai ƙara jin su.

Sannan ya ce, "Auta, na ji saƙonka. Kana da gaskiya, na bar ka da wahala. Don Allah ka yafe mini."

Ni da na zage shi, ni yake roƙo. Zaren yana ta juyawa, ba a cewa komai, sai numfashinsa, kamar yana jira.

Inna ta laluba ta dafa gwiwata. "Yayanka na yi maka magana," in ji ta. "Ba ka amsawa?"

Na ce, "Na yafe, Yaya. Ni ne ya kamata in roƙe ka. Ka yafe mini."

Muka saurara, ni da ita. Ya yi tari sau ɗaya, aka ji ya kai hannu ya kashe.