Matar da Ta Mayar wa Baba Tela Kantarsa

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe shagonta, kafin a kaɗa ƙararrawar makarantar da ke tsallaken titi. Sai ta ɗage labule, ta kunna fanka, ta goge gilashin injin kwafi da tsumma mai laushi, sannan ta tayar da tsohuwar kwamfutar da ke lungu, ta bar ta ta gama miƙa. A daidai wannan lokaci rana kan leƙo ta taga ta sauka kan faya-fayan fim da ke jere a tebur. Launukansu sai su tashi su manne a silin, ja da kore da shuɗi, suna lilo a hankali duk sanda fanka ta juyo. Takan ɗan tsaya ta kalle su, kofin shayi a hannu, kamar mai gaisawa da maƙwabta, kafin ta zauna.

Shekara ashirin da takwas ke nan tana wannan zama. Mu malaman makaranta da buga takardun jarrabawa muka san ta, kuma ba a taɓa jin tambaya ɗaya ta fita daga shagon nan kafin ranarta ba. Amma unguwa da wani suna ta san ta: Anti Mai Faifai. A ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, domin wuyan hannunta ya fara ƙorafi, ido ma sai da tabarau. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi wani abu a kanta tun tana ji.

Aikin faifan da kansa ya same ta. Na'urorin kallo na gidaje suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, masu gyara suka ce babu kayan gyara, mutane suka wayi gari da kwalaye cike da fina-finan da suka yi shekaru suna tarawa, ba abin kallon su. Sai ta koyi yadda ake kwashe fim daga faifai a zuba shi cikin kwamfutar gida, mai shi ya danna kawai ya kalla. Faifan da ya ƙarzu takan wanke shi da ruwa mai ɗumi, ta goge daga tsakiya zuwa baki, ta lallaɓa na'ura har ta karanta. Kuma ba ta miƙa wa mutum aikinsa sai ta kalli kowane fim daga farko har ƙarshe, don kada ya tsaya masa a tsakiya. Saboda haka duk sanda ka shiga shagon za ka tarar da wata duniya tana gudana a lungu ba sauti: jirgin ƙasa yana ratsa daji, teku tana dukan dutse, wasu mutum biyu suna sallama a ƙarƙashin laima, ita kuma tana buga takarda tana satar kallo.

Doka ɗaya gare ta. Wani abokin aikinmu ya taɓa ce mata, "Anti, tunda suna cikin kwamfutarki, ɗan zuba min na maƙwabcina mana."

Ta ce, "Malam, kai kana ba ɗalibi makin wani? Kawo faifanka in zuba maka naka."

Bai sake tambaya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai shi ne labarin Baba Tela. Tsohon maɗinki ne a bayan layinmu, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar shekara uku da suka wuce. Hannun dama ya tafi, magana ta tafi, karatu ma ya ɓace masa. Matarsa ke zaɓa masa rigar da zai sa, likita ke zaɓa masa abin da zai ci, ɗansa ke zaɓar ranar da za a kai shi asibiti. Abu ɗaya ya rage a hannunsa. A ɗakinsa akwai kanta mai hawa uku cike da faya-fayan fim, sun kai ɗari da arba'in, kuma kullum bayan abincin rana yakan ɗaga hannun hagu ya nuna wanda yake so, matar ta sa masa.

Sai ɗan ya ɗauke su zuwa gidansa, inda aka ba su ɗaki guda wanda kanta ba za ta shiga ba. Na'urar kallon ma ta riga ta mutu. Ya zuba faya-fayan a kwalaye huɗu ya kawo wa Anti tare da kwamfutar gidansa.

Wata biyu ta yi a kansu. Ta rubuta wa kowane fim sunansa, ta jera su bi da bi bisa harafin farko, tsaf kamar rajistar aji. Ita da kanta ta raka kwamfutar gidan, ta ɗora a kan tebur gaban gadon tsoho, ta nuna wa matar inda ake dannawa. Baba Tela ya dubi dogon jerin rubutun nan, ya dubi matarsa, ya juya fuskarsa bango.

Bayan mako guda matar ta zo shagon, ta zauna a benci ba ta ko amsa gaisuwa sosai ba.

Anti ta ce, "Yaya, lafiya? Wani fim ya ƙi kunnuwa ne?"

"Duk suna kunnuwa, ƙanwata. Mutumin ne ya ƙi kunnuwa. In karanto masa sunaye har bakina ya bushe, ko motsi. In sa masa wanda na ga dama, ya rufe ido. Jiya ko abincin kirki bai ci ba."

"To da can yaya yake zaɓa?"

"Nunawa yake yi mana. Hawan sama ta wajen taga, na dariya ne. Na tsakiya na yaƙi, waɗanda ke hana ni barcin rana. Na ƙasa kusa da ƙafar gado kuwa, na kuka ne, shi da ya ce maza ba sa kuka." Ta ɗan yi murmushi. "Ni kaina ban san sunayensu ba. Wurin zamansu na sani."

Anti ta cire tabarau ta riƙe. A ranta ta ga tsohon ɗakinsa da ba ta taɓa shiga ba: taga a hagu, gado a dama, tsoho kwance yana yawo da ido a kan kanta kamar mai zaga unguwar da aka haife shi, ya san gidan kowa ba tare da ya karanta lamba ba. Ita kuma ta rushe masa unguwar, ta miƙa masa takarda.

Ta ce, "Laifina ne, Yaya. Na yi wa kwamfuta aiki, ban yi wa Baba ba. Kwalayen suna nan?"

Suna nan a bayan shago, saura kwana kaɗan ɗan ya zo ya zubar da su. Da ta roƙe shi ya ƙara mata lokaci ya ce, "Anti, ba duk suna ciki ba? Sai kin sake wahalar da kanki?"

Ta ce, "Suna ciki, ɗana. Babanka ne a waje."

Matsalar ita ce ba wanda ya san jerin kantar gaba ɗaya, kuma an zuba su a kwali yadda hannu ya kai. Kullum da hantsi matar telan kan zo, su baje faya-fayan a ƙasan shago, su biyun a durƙushe suna mita da gwiwoyinsu. Anti ta lura bayan wasu kwasfan ya koɗe har ya yi fari, wasu kuma launinsu na nan garau. Ta gane masu koɗewar su ne na kusa da taga, inda rana ta yi shekaru tana lasa. Sai suka bi koɗewar, daga mafi fari zuwa mafi duhu. Inda rana ta gaza, matar ta rufe ido ta miƙa hannu cikin iska kamar tana ɗauko faifai.

"Wannan sai na yi ɗage nake kai masa. Wancan kuwa a sunkuye, har bayana ya yi ƙara."

A hawan tsakiya ta ce a bar gurbi ɗaya babu komai, wurin wani faifai da ƙanen tsohon ya ara tun kafin ciwon bai dawo da shi ba. Anti ta bar gurbin.

Daga nan ta ɗauki hoton murfin kowane ɗaya, ta jera hotunan a fuskar kwamfuta hawa uku, kowa a mazauninsa. Ranar da suka mayar da kwamfutar gidan, ta ajiye ta yadda tagar sabon ɗakin za ta zama a hagu, ta kunna, ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Tsohon ya daɗe yana kallo. Idonsa ya fara daga sama ya bi a hankali, ya sauko tsakiya, ya ɗan dakata a kan gurbin nan, ya ja tsaki. Da ya iso hawan ƙasa sai ya ɗaure fuska, ya ɗaga hannun hagu, ya nuna hoto na uku, ya nuna na biyar, ya juya yatsu biyu a iska yana gurnani.

Matar ta fashe da dariya har da hawaye. "Faɗa yake miki, ƙanwata. Wai kin sauya musu wuri. Wallahi tun da muka baro gidanmu bai yi wa kowa faɗa ba."

Anti ta ce, "Tuba nake, Baba," ta ja linzamin kwamfuta ta mayar da kowanne gidansa. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, irin na maigidan da yaron shago ya gyara ɗinki. Sannan ya nuna hawan tsakiya.

"Ka gani ko," in ji matar. "Na yaƙi. Barcin rana ya ƙare min."

Anti, ke ce wadda ta amsa laifin da ba wanda ya ɗora mata, ta sake aikin wata biyu ba a roƙe ta ba. Ke ce mai haƙurin kallon fim ɗin da ba naki ba har ƙarshe, don kada ya tsinke wa wani a tsakiya. Mu da muke koyarwa mun daɗe muna jera abubuwa yadda ya yi mana sauƙi, muna mamakin yaron da ya juya mana baya. A shagonki na ga yadda ake komawa a tambaya.

Mun gode, Anti Mai Faifai. Allah ya ba hannun nan hutu, ya ƙara wa idon nan haske, ya sa ki zauna ki kalli naki fina-finan da sauti.

Mu kuwa da muka rage, kusan kowannenmu yana da tsoho a gida, kuma kowane tsoho yana da kantarsa, ko ta faifai, ko ta kwanuka, ko ta tsofaffin takardu. Ranar da za ku kwashe masa kaya, kafin ku kawo kwali, ku tsaya ku dubi yadda ya jera su.